Tsohuwar da Ta Ajiye Sandarta

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata tsohuwa mai dogara sanda. Wata rana ta tarar da wani ƙaton kare kwance a bayan dangarta, duk jikinsa shatin duka. Shekararsa biyar yana gadin rumbunan wani mugu, da ya rame aka kore shi.

Maƙwabciyarta ta ce, "Iya, wannan zai yayyaga ki. Bari in kira maza su kashe shi."

Tsohuwa ta ce, "Ya ƙoshi da duka, 'yar nan. Tuwo ne bai ƙoshi da shi ba."

Ta kai masa tuwo a kasko, ya yi gurnani, ya ƙi ci. Ta kai masa ƙashi, ya yi gurnani, ya ƙi ci. Rana ta uku ta lura ba ita yake harara ba, sandarta yake harara. Sai ta ajiye sanda, ta rarrafa da kasko har gabansa. Nan take ya lashe tas. Kullum ta ajiye sanda, kullum ya ci, har ya murmure.

Ran nan tana ƙetare rafi, ruwa ya fizge sandar, ya kayar da ita. Kare ya yi tsalle ya faɗa ruwan, ta ƙanƙame wuyansa, ya jawo ta gaɓa. Suka shigo gari tana dafe da bayansa, mutane suna ta tafi.

Maƙwabciya ta ce, "Iya, ina sandarki?"

Tsohuwa ta ce, "Ga ta nan tana kaɗa wutsiya."