Jar Wutar da Auta Ta Gani

"Kin ga wutar gargaɗin, ko ba ki gani ba?"

Auta ta kasa ɗago kai. Hannunta na kan sitiyarin na'urar koyon tuƙin jirgi, allon gabanta ya yi baƙi ƙirin. Da jirgin gaske ne, da yanzu gawarta ake nema a gindin dutse.

Mai tambayar Kyaftin ne, mai yi mata jarrabawa, kuma yayan saurayinta. Shi ya ce wa mahaifiyarsu yarinyar nan rawar kai gare ta, bai yarda ƙaninsa ya aure ta ba. Ga ƙanin can tsaye bayan gilashi, Injiniya, mai kula da na'urar, ya zo taya ta murna.

Ƙa'idar hukuma kuwa, ko daga barci aka tashe ta za ta karanto. In kana sauka cikin gajimare da taimakon tauraron ɗan Adam, na'ura ta kunna jar wuta ta nuna ba ta amince da siginar ba, sai ka fasa sauka ka koma sama.

Amma da safe Doguwa, abokiyar karatunta da ta daɗe tana yi wa Injiniya fari da ido, ta raɗa mata, "Kyaftin ya tsani mai fasa sauka, matsoraci yake kiransa."

Ita kuma uwar son burgewa ta haɗiye zancen ɗanye.

"Wani lokaci wutar kan ƙi kamawa," in ji Kyaftin a hankali. "In haka ne ki faɗa, sai in tuhumi mai gyaran."

Kalma ɗaya, ta tsira. Laifin ya koma kan Injiniya...

Kunya ta rufe ta har wuya.

"Na gan ta, ranka ya daɗe. Ja wur."

"To don me kika ci gaba?"

"Burge ka nake son yi..."

"Kin faɗi jarrabawar."

Da gudu ta fita. A matakalar bene Injiniya ya same ta, ta cusa fuska cikin mayafi.

"Rabin raina..."

"Kar ka kira ni haka! Yayanka ya yi gaskiya. Da mutane na ɗauko fa? Ka je ka nemi mai hankali."

"Mai hankalin nake zaune kusa da ita."

Takun takalmi ya tsaya a bayansu. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kai, ka gaya wa Mama na janye maganata a kan auren," in ji Kyaftin. "Hanya na ba yarinyar nan ta ɗora maka laifi, ta ƙi."

Ya juya wajen Auta.

"Ke kuma ban sa miki hannu a takardar cin jarrabawa ba, kuma ba zan sa ba sai ranar da na ga kin fasa sauka. Share hawayenki, ƙanwata. Ba a karanta allo da kumburarren ido."