Muryar Inno a Kan Kiɗan Luka

"Sake faɗa, Mastura... ban ji ba."

"Ka ji mana," na ce, idona a kan kafet. "Inno ta yi magana a kansa."

"A kan wane kaset ɗin? Nawa?! Wanda na ba ki aro?"

"Aiwa... shi ɗin."

Jabiru bai yi faɗa ba. Wallahi da ma faɗan ya yi! Sai kawai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya zuba wa rakodar da ke tsakaninmu ido. Babu abin da ake ji a ɗan falonmu na unguwar Bani Malik a Jidda sai gurnanin mukayyif, na'urar sanyin da shi ya gyara mana bara, ranar da na fara ganinsa.

Daga bayan labule kakata Inno ta yi gyaran murya.

"Angona, kai ne kake ta numfashi kamar an ƙwace maka gona? Kaset ne fa! Kasuwar Bab Makka cike take da su."

"Babu irinsa a Bab Makka, Inno," ya ce a hankali. "Babu irinsa a duniya."

Ni na san gaskiya ya faɗa. Gwamnati ce ta tura Jabiru Leningrad ta ƙasar Rasha karatun injiniya tun yana saurayi. Ƙasar ta wargaje, tallafin karatu ya yanke, ya koma Kano hannu rabbana. Daga nan ya zo umara ya zauna, yana bin gidaje da jakar kayan gyara. Abu ɗaya ya fito da shi daga Rasha: kaset ɗin nan. Wani tsohon maƙwabcinsa mai tsara kiɗa, Luka Danilovich, shi ya zauna a ɗakinsa ya kaɗa masa piyano da hannunsa, ya ɗauka ya ba shi.

Ni kuma ya ba ni. Shi da ko alƙalaminsa ba ya ba da aro.

"Ki ji shi kafin in tafi," ya ce da ni a lokacin. "Abin da bakina ya kasa, yana ciki."

Tafiyar kuwa ta matso. An yi shela cewa duk wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ya fita da ƙafarsa kafin wa'adi ya cika, ba tara, ba ɗauri. Jabiru ba shi da kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya masa, ya riga ya karɓi takardar fita. Ya roƙe ni a ɗaura mana aure in bi shi Najeriya, ƙasar da ban taɓa gani ba sai a bakin Inno. In na fita, tawa iƙamar ta mutu. Inno kuwa, da ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, idonta kullum ƙara dushewa yake.

Har ranar ban ba shi amsa ba.

Inno ta yaye labulen ta fito tana laluben bango. Na tashi na kama hannunta na zaunar da ita.

"Bari in faɗa maka da bakina, kada ka ɗora wa yarinya," ta ce. "Saƙo zan aika wa ƙanena Gwadabe a Kazaure. Ita ta tafi karɓo mini maganin ido. Na laluba durowa, na ci karo da kaset, na sa a rakoda na kasa kunne. Shiru! Na jira, shiru. Na ce alhamdu lillahi, sabo ne."

"Ai na ɓalle masa kunne don kada a ɗauki wani abu a kai..."

"To wa za ka koya wa?" Ta yi dariya. "Tun kana goye nake aika kaset. Na cusa 'yar takarda a ramin, halas, shi ke nan!"

Jabiru ya rufe fuska da tafin hannu. Ban san ko dariya yake ko kuka ba.

"Ba wofi ba ne, Inno. Haka yake farawa. Luka Danilovich yakan daɗe zaune hannunsa a kan piyano bai taɓa ba. Ya ce shirun ma kiɗa ne."

"Shiru kiɗa ne? Lallai! Ashe ni ma makaɗiya ce in ina barci."

"Inno, haram alaiki!" na ce, hawaye na cika mini ido. "Ba ki ga halin da yake ciki ba?"

Na juya gare shi. "Yaya Jabiru, ka yafe mini. Laifina ne, ni na bar shi a durowa. Sau ɗaya kawai na ji shi, na kasa ƙarasawa... zuciyata ta yi nauyi."

"Bar kuka, hasken idona," ya ce. Bai taɓa kirana haka a gaban Inno ba. "Kunna mu ji abin da ya rage."

Na danna.

Muryar Inno ta cika ɗakin, da ƙarfi, irin ta mai kiran wani daga tsallaken rafi.

"Salamu alaikum, Gwadabe! Ni ce Yaya. Kana lafiya? Ina gajiya? Yaya ƙafar taka?"

Sai ta yi shiru a cikin kaset ɗin. Haka tsofaffinmu suke yi: in sun yi gaisuwa sai su dakata, su bar wa na can gurbin amsawa, kamar yana zaune a gabansu.

Ta ci gaba. Ta gaida 'ya'yansa da sunayensu, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba. Ta tambayi ko tsamiyar ƙofar gidansu na nan. Ta ce barkono ya yi tsada a Jidda, ta ce ya aiko mata da daddawa ta gaske. Bayan kowace tambaya sai ta tsaya ta jira.

Can muryarta ta sauka.

"Gwadabe... alhazai sun zo bana, ban ga kaset ɗinka ba. Bara ma haka. Ka yi magana mana, ko tari ne in ji. Gwadabe?"

Shiru. Dogon shiru. Sai ƙarar maɓallin da ta kashe, ƙwas!

A daidai nan piyano ya shigo.

Sauti ɗaya ne, mai kauri, can ƙasa, kamar ƙararrawa daga nesa. Ya tafi har ya ɓace. Ya sake dawowa. Sannan wasu 'yan sirara suka hau bisa a hankali, kamar mai hawan bene a cikin duhu, suka kai wani wuri suka tsaya cak, ba su sauko ba.

Carbin Inno ya daina motsi.

"Tsaya," ta ce. "Wannan mutumin sallama yake yi."

"Na'am, Inno?"

"Sallama yake yi a ƙofar gida, ba a amsa masa ba. Ji... ya sake. Ka ji ya tsaya yana jira? Kai, wa ya mutu masa?"

Jabiru ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Ba mutuwa ta yi ba. Tafiya ta yi. Masoyiyarsa ce, Nina sunanta. Suna samari aka yi juyin juya hali a ƙasarsu, iyayenta suka shiga jirgin ruwa za su bar ƙasar. Ta ce ya zo su tafi. Shi kuma mahaifiyarsa na kwance ba lafiya, ba ta da kowa sai shi."

Na sunkuyar da kai. Wannan ɓangaren bai taɓa gaya mini ba.

"Sai ya zauna," in ji Inno.

"Ya zauna."

"Ɗan albarka. To ya aika mata?"

"Ko sau ɗaya. A zamaninsu wanda ya aika saƙo waje yana iya kwana a kurkuku. Da farko tsoro ya hana shi, daga baya kunya. Ya ce me zai ce mata bayan shekaru sun tafi? Ko 'jira ni' bai ce mata ba a bakin jirgi. Ya tsaya ne kawai yana kallo."

"Sakarai," Inno ta ce, amma muryarta ta yi laushi.

"Duk kiɗansa haka yake. Hannun hagu ya yi kira, na dama ya taso kamar zai amsa, sai ya fasa. Ba ya taɓa komawa kan sautin da ya fara da shi, kullum a hanya yake ajiye mutum. Hukuma ta ce kiɗansa ba ya sa ma'aikata karsashi, ba a iya maci da shi. Aka hana sa shi a rediyo. Mutumin da aka taɓa cika zaure don a saurare shi ya koma kaɗa wa yaran makaranta waƙar motsa jiki. Ya ga yaƙi, ya ga yunwa da sanyin da aka ƙone kujeru don jin ɗumi, amma bai ƙone piyanonsa ba. Lokacin da na san shi ya tsufa tukuf. Ni nake hau masa bene da burodi da madara, shi kuma ya dafa mini shayi ya ce in ba shi labarin rana, wai ya manta kamanninta."

Ya ɗan yi murmushi, idonsa jawur.

"Ranar da zan taho ya ɗaukar mini wannan. Na ce, 'Kaka, me ya sa kake barin gurbi da yawa haka?' Ya ce, 'Na wanda zai amsa ne.'"

Inno ta daɗe tana jinjina kai. Kiɗan na tafiya, yana kira, yana dakatawa.

"To ka gaya wa Malam Ɗan'ilun naka..."

"Danilovich, Inno. Ya rasu."

"Allah Sarki. To ai ga shi an amsa masa. Ni ma mai kiran ce, na shiga gurbin da ya bari." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ba zan ba wani alhaji kaset ɗin nan ba. Kai za ka kai wa Gwadabe hannu da hannu. In ka tarar da shi, ka kunna masa. In ba ka tarar ba... ka kunna wa tsamiyar."

"In sha Allahu, Inno."

Sai ta lalubo gwiwata ta dafa.

"Ke kuma, yalla, maza haɗa kayanki."

"Inno?!"

"Kin ji ni. Da ƙafa na biyo ta Sudan na zo ƙasar nan ina amarya. Kakanki a nan yake kwance, uwarki ma a nan. Ni ba inda za ni, ƙasar nan ce za ta rufe ni. Amma ban raine ki don ki tsufa kina kaɗa wa bango sallama ba. Kawunki Othman zai ɗauke ni zuwa gidansa a unguwar Waziriyya."

"Kawu da yake kan mota tun asuba har isha? Wa zai ɗiga miki magani? Wa zai tsallakar da ke titi zuwa Bab Makka? Jiya fa gishiri kika zuba a shayi!"

"Sabon salo ne, ke ce ba ki waye ba."

"La, Inno! La wallah, ba zan tafi ba!"

Kuka ya ƙwace mini. Na dubi Jabiru. Yana so na, na sani kamar yadda na san sunana. Amma ba zai ce in bar makauniyar tsohuwa ba, kuma ba zai iya cewa in zauna ba. Ya tsaya ne kawai yana kallona, kamar mai tsaye a bakin jirgi.

A cikin rakoda hannun hagu ya sake kira. Aka bar gurbi.

Ban san lokacin da na miƙa hannu na kashe ta ba.

"Yaya Jabiru."

"Na'am, Mastura."

"Don wannan ka ba ni kaset ɗin? Don in san kai ma haka za ka yi, ka tafi ka yi shiru, ka bar mini kiɗa?"

"Ba na son in raba ki da..."

"Tambayarka nake. Kana so na?"

"Fiye da numfashina!"

"Za ka iya jira? Ban san ko shekara nawa ba ne. Ina roƙon Allah ya sa su yi yawa, don kwanan Inno ne."

"Ji 'yar nema!" in ji Inno. "Da raina ake cinikin kwanana."

Jabiru ya share fuskarsa da hula. "Ko gashina zai yi fari kamar na Luka, zan jira."

Na share hawayena, na gyara zama. Hausata takan karkace in raina ya tashi, Larabci ya riƙa shigowa, amma wannan karon na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya don kada ko guda ta zame.

"To ku ji, ku duka biyun. Inno, ki aika a kira Kawu Othman. Ranar Juma'a za a ɗaura mana aure, kafin jirginsa ya tashi. Shi zai tafi da kaset ɗinki, ni zan zauna da ke, ba mai ɗiga miki magani sai ni. Kai kuma, ya rouhi, gobe ka biya Bab Makka ka sayo kaset kwali guda, mu raba biyu. Duk alhajin da zai sauka Kano da muryata zai sauka, duk wanda zai taso da taka zai taso. In na gaishe ka zan dakata in bar maka gurbi, kuma wallahi sai ka cike shi! Tsohonka ya zauna ya yi shiru. Ni zan zauna, amma ba zan yi shiru ba."