Tsoffi Uku a Dajin Gwaska

Zakara bai yi cara ta biyu ba Nomau ya riga ya hura wuta a bakin zaure, ya aza ɗan kasko yana narka man kaɗanya. Ba don kansa ba. Don Duna ne, tsohon baƙin karen kawunsa Jatau, wanda ya shekara goma yana jan gaban karnukan Tungar Marke in an shiga daji. Yanzu kuwa sanyin ƙashi ya kama masa ƙugu da ƙafar baya ta hagu. In ya kwana, sai ya gwada tashi sau uku kafin ya miƙe, yana ɗan kuka can cikin maƙogwaro kamar mai kunyar a ji.

Nomau ya lakato man da ɗuminsa, ya bi gaɓoɓin yana murzawa a hankali. Malamin dabbobi mai zuwa kasuwa ne ya koya masa dabarun: a rage wa kare tuwo kada jiki ya yi wa ƙafa nauyi, a shimfiɗa masa buhun ƙaiƙayi kusa da murhu, a riƙa ɗan takawa da shi kullum amma ban da gudu, kuma ko da wasa kada a ba shi ƙwayar ciwon jiki ta mutane, don takan kashe kare. Ya ce ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi.

Yana cikin murzar sai ga Kawu Jatau, bindigar toka a kafaɗa, burgami a rataye, matasan karnukansa biyu, Guguwa da Tsumagiya, suna ta tsalle a gefensa.

"Har yanzu ana yi wa amarya lalle?"

"Ina kwana, Kawu."

"Lafiya lau. Na dai gaya maka, karen da ba ya gudu tuwo kawai yake ci. Jibi Laraba masu sayen karnuka za su zo da kejinsu. In yau bai nuna mini amfaninsa ba, da su zai tafi."

Nomau ya san inda keji yake kai kare, kuma ya san ba a dawowa daga tukunya. Ya wanke hannu, ya ɗaura wa jaki mangala, ya ɗauki Duna cak ya sa a aljihu ɗaya, ya zuba duwatsu da goran ruwa a ɗayan don kaya su daidaita. Ya soke adda a ƙugu, ya ɗauki gorarsa.

"To, ranka ya daɗe hakimi," in ji Kawu yana yi wa karen jinjina, "a kama hanya ko sai an buga tambari?"

Suka fita taurari na sama. Suka yi sallar asuba a bakin rafi, suka haye, suka bar gonaki a baya. Gari na wayewa dajin Gwaska ya haɗiye su. Gamba ta fi mutum tsawo, raɓa tana zuba musu a wuya, fakara tana tashi fir daga ƙarƙashin ƙafa, birai suna zaginsu daga kan kanya.

Nomau a baya yake tafe, kuma maharbi ba ya iya hana idonsa karanta ƙasa. Sawun Kawu yake karantawa. Ƙafar dama tana nutsewa sosai, ta hagu kuwa tana barin ɗan layi kamar an ja tsinke. Tun bara ya lura da haka, bai taɓa furtawa ba. In an yi 'yar tafiya sai Kawu ya tsaya ya dafa itace, ya ce yana sauraron daji ne. Lalle gwano ba ya jin warin jikinsa.

Da hantsi ya yi, jikin Duna ya ɗumama, ya fara zillo yana son ƙasa. Nomau ya sauke shi, ya ɗaure jakin a gindin tsamiya. Ba su yi taku ɗari ba Kawu ya durƙusa, yana cije baki don kada a ji gwiwarsa, ya nuna wani sawu a danshi. Kofato ne mai faɗi kamar akushi, ga kashi a gefe ko ƙuda bai gama samunsa ba.

"Bijimin ɓauna, shi kaɗai," in ji shi da raɗa. "Duba, yana jan ƙafar baya. Tarko ya ji masa rauni. Yau Allah ya kashe ya ba mu."

Nomau ya duba da kyau. Babu ɗigon jini ko ɗaya a ciyawa. Kuma wannan jan ƙafar ya san shi, kullum yana ganin irinsa a tsakar gida.

"Kawu, anya rauni ne? Kamar tsufa nake gani."

"Tsufa yana hana nama daɗi ne? Mu je."

Guguwa da Tsumagiya suka ɗauki sawu suka ɓace da haushi. Kawu ya bi su da sauri iyakar abin da gwiwa ta yarda. Duna yana tafe ɗingis-ɗingis, hanci a ƙasa, yana shinshina kowane kara kamar mai tsintar gero. Sawun ya miƙe ta gefen wata sarƙaƙiya mai duhu, kusa da wani ƙaton suri. Nan Duna ya ja ya tsaya ƙiƙam. Gashin bayansa ya miƙe. Ya ɗaga hanci daga sawun, ya juya shi wajen sarƙaƙiyar.

"Ka gani ko? Ya gaji," in ji Kawu, ya ɗaga ƙafa zai wuce.

Sai Duna ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya cafke bakin wandon ubangidansa ya riƙe gam. Kawu ya buɗe baki zai yi zagi, sai wani carki ya tashi daga cikin ƙayar yana ƙara. Carki kuwa ba ya zama sai a bayan babbar dabba. Ashe bijimin ya yi gaba ne ya zagayo, ya laɓe a gefen sawunsa yana jiran mai binsa. Matasan karnuka sun wuce shi da gudu, ko warinsa ba su ji ba.

Sarƙaƙiyar ta dare. Baƙin abu ya fito kamar an turo ɗaki, ƙahoni sun haɗe a goshi, hanci yana huci.

"Itace, Kawu!"

Akwai marke kusa. Kawu ya kai hannu ga reshe, ƙafa ta ce ba da ita ba. Bindiga ta suɓuce ta faɗi cikin ciyawa. Nomau ya duƙa ya sa kafaɗa a ƙarƙashinsa yana turawa, yana jin ƙasa tana girgiza a bayansa, ya san ba za su kai ba.

Duna ne ya shiga tsakani. Ya saki wata tsohuwar muryarsa mai kauri wadda aka daɗe ba a ji ba, ya kai wa bijimin cizo a hanci, ya ja da baya ya laɓe a bayan suri. Bijimin ya bar mutane ya bi kare. Kafin ya juya, Nomau ya cilla Kawu bisa reshe ya bi shi.

Daga sama suka ga abin da ko a tatsuniya ba su taɓa ji ba. Duna ba ya iya gudu, amma kewaya suri taku kaɗan ne a wurin kare, a wurin bijimi kuwa aiki ne. Kare na ɗingishi, bijimi na ɗingishi, suna zagaya suri kamar masu sussuka. In bijimin ya juya ta dama, Duna ya koma hagu. Sau ɗaya ƙafar ciwon ta turguɗe, ƙaho ya wuce ta saman bayansa har ya ɗebi gashi. Nomau ya rufe ido yana salati. Guguwa da Tsumagiya suka dawo a guje, suka yi arba da abin da suke bi, suka zarce wajen jaki ko sallama babu.

Can bijimin ya tsaya yana haki. Ya dubi karen, ya dubi itacen, ya yi wani dogon huci kamar mai cewa ni na girmi wannan wasa. Ya juya ya gangara wani kwari a bayan ƙayar, yana jan ƙafa.

Daga kan marken ana hango kwarin. Wani taɓo ne baƙi a gindin dutse, ruwa yana ɓuɓɓugowa a tsakiyarsa, ɗan tururi yana tashi. Bijimin ya shiga a hankali, ya nutsa ƙugunsa, ya lumshe ido.

Nomau ya sauko ya ɗauko bindigar ya miƙa wa Kawu, sannan ya juya neman Duna. Babu shi a bayan suri. Sai ya hango shi yana gangara kwarin, hanci a sama, ɗingis-ɗingis. Ya kewaya can ɗaya gefen taɓon, ya taɓa da ƙafa, ya shiga, ya kwanta har wuya. Bijimin ya buɗe ido ɗaya ya dube shi, ya mayar ya rufe. Waɗanda ɗazu suke neman ran juna, ga su kwance kamar maƙwabta a rumfar wanzami.

Kawu ya ɗora bindiga a reshe ya auna. Nisan bai kai jifa biyu ba, ga haƙarƙari a fili. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ta, ya tofar da yawu.

"Ban taɓa harbin majinyaci a asibiti ba," in ji shi. "Ba kuma yau zan fara ba."

Sai da rana ta take tsaka bijimin ya fita ya shige daji, kuma Nomau ya rantse tafiyarsa ta fi ta ɗazu sauƙi. Suka gangara. Nomau ya tsoma hannu, ya ji ɗumi kamar ruwan wankan jego. Me yake dafa shi a ƙarƙashin dutse, Allah kaɗai ya sani. Duna ya fito ya girgije, ya yi miƙa tun daga wuya har wutsiya, irin wadda ya shekara bai yi ba. Ɗingishin yana nan, amma kukan maƙogwaron babu.

Da Nomau ya waiwaya, sai ya ga Kawu ya naɗe wando har cinya, ya zauna a bakin taɓo, ƙafafu biyu a ciki.

"Zurfinsa nake aunawa," in ji shi, bai ɗago ba.

"To, Kawu. A auna da kyau."

Awon ya kai la'asar.

A hanyar gida Tsumagiya ta kama zomo ɗaya, ta wanke kunyarta da shi. An zubar da duwatsun mangala, Kawu ya hau jakin, ya karkata gefe guda don ya daidaita nauyin Duna. Ya gargaɗi Nomau kada ya kuskura ya gaya wa sauran mafarauta wurin, don kada su je su dami mai gida, wato bijimin. Da suka hango hayaƙin Tungar Marke, Nomau ya yi gyaran murya.

"Kawu, maganar Laraba fa?"

"Wace Laraba? Kai yaron nan ba ka da ta ido. In ana sa wanda ba ya gudu a keji, ai da ni za su fara."

Kashegari da asuba Nomau ya aza kasko kamar kullum. Man bai gama narkewa ba ya ji takun ƙafa a bayansa, ɗaya mai nauyi, ɗaya ana ja. Kawu Jatau ya zauna a kan turmi, ya naɗe wando, ya miƙe gwiwarsa wajen wuta. Nomau ya lakato man ya nufo shi, sai Kawu ya ɗaga hannu.

"A'a, fara da hakimi," in ji shi. "Ya riga ni zuwa."