Jan Zare, Ƙulli Biyu

Gab da magariba na fita lambun da ke bayan gidanmu in tsinko na'ana'ar shayi, sai na sake tarar da shi. Wani ƙaton kwaɗo, ya baje a gindin ganyen kamar gonar ubansa.

Karo na uku ke nan. Shekaranjiya na jefa shi bayan katanga, jiya na kai shi cikin zaitun ɗin maƙwabta. 'Yata Itto ta fara rarrafe, komai ta samu baki take kaiwa, kuma nan ne wajen wasanta. Takaici ya ishe ni.

"Rkiya, 'yata, ƙyale shi," in ji surukata Lalla Mbarka, murya ƙasa-ƙasa. "Ya riga ki zuwa gidan nan. Ba kowane kwaɗo ne kwaɗo ba."

"Haba Lalla! Sai jikarki ta haɗiye shi za ki yarda?"

Na yanko jan zare daga saƙata, na ɗaure masa a ƙafar hagu, ƙulli biyu, don in gani ko shi ɗin ne yake dawowa. Na sa shi a bokiti na kai shi har rafi.

Washegari da magariba, ga kwaɗo a gindin na'ana'a. Ba zare a ƙafarsa. Wato garke ne da su! Na kwantar da Itto, na ja ƙofar ɗaki, na sauke butar shayi daga wuta tana tafasa. Ko bismilla ban yi ba.

Ina ɗaga butar a kan kwaɗon, gyare suka yi tsit.

Ƙamshin na'ana'a ya ɗauke. Sai warin laka, irin na gindin rijiya.

Ganye ya motsa, alhali ba iska. A ƙarƙashin kwaɗon na ga 'ya'ya birjik, kowanne bai fi ƙwayar wake ba.

Wani sanyi ya taɓa ƙeyata. Muryar mace ta raɗa mini a kunne:

"Zuba. Ni ma na san inda taki take kwance."

Itto ta tsala ihu.

Na saki butar, ruwan ya ƙona mini ƙafa, ban ko ji ba. Na banka ƙofar ɗakin. Bargonta jagab, yana warin laka. Na yaye shi.

Jan zare a ƙafarta ta hagu. Ƙulli biyu. Ƙullina.

Lalla Mbarka tana kan sallar magariba. Ta sallame salla, ta zuba madara a kwano, ta kai lambun tana ba da haƙuri kamar mai roƙon maƙwabciya.

Yanzu a kasuwa nake sayen na'ana'a, alhali ina da ita a lambu. Itto ta shekara bakwai, lafiyarta lau. Zaren kuwa a ranar muka yanke shi, amma jan shatinsa yana nan a ƙafarta, yana girma tare da ita.