Tasalla da Injin Niƙa

A wani gari can, an yi wata yarinya mai suna Tasalla, wadda ƙara ke soke mata kai kamar allura. Ba ta iya bayyana haka da baki ba, sai dai ta toshe kunnuwa ta yi ta jijjiga jiki.

Ran nan uwarta ta aike ta injin niƙa da dawa, ta dawo da dawar yadda ta tafi da ita.

"Me za mu tuƙa, Tasalla? Iska?"

Washegari ma haka. "Yau ma? Wannan wane irin taurin kai ne!"

Rana ta uku, uwar ta ɗauko tsumagiya. Kakar yarinyar ta ja tsaki, ta ɗauki faranti da cokali, ta shiga bugawa daf da kunnen uwar.

"Haba Inna! Ki bari, kaina zai tsage!"

"Ke da girmanki ko minti ɗaya ba ki jure ba. Haka injin nan yake mata, amma sau uku tana zuwa ƙofarsa saboda ke."

Uwar ta dubi tsumagiyar, ta cusa ta a murhu. Ta ɗauki kwanon dawa ta ɗora a ka.

"Tasalla, zauna ki tsince mana wake."