Gurmin Kaka a Zanen Alamin

"Ga ƙugu nan, Baffa! Ga wuya! Jikin Raihana na yaz zana!"

Sabah ce, 'yar ƙanin babana, ke nuna zanen da yatsa. Tun da Alamin ya dawo daga karatun zane a Khartum ya ce ni yake so, ta kasa zaune ta kasa tsaye.

Na dubi kyautar da ya aiko mini. Rabin da'ira ruwan ƙasa, dogon abu a karkace, layuka biyu, ɗigon baƙi... komai a tarwatse. Ni kaina ban gane ba!

Yaba, mahaifina, ya sa aka kira Alamin.

"In ɗiyata ce wagga, khalas, maganar aure ta mutu."

"Wallahi, Baba..."

"Yi min shiru!"

Hawaye suka zubo mini. Sai Haboba Ramatu, kakata, ta ajiye kofin jabana, gahawar da take sha.

"Ku kawo mu gani. A'a, ku kwantar da shi, a kwance aka riƙonai."

Ta daɗe tana kallo, yatsanta na bin layukan nan biyu.

"Tsirkiya biyu... ga ƙwarya... Abdulmuttalib, ba ka gane gurmin ubanka ba?"

Yaba ya matso ya duba. Haboba ta ɗora yatsa a kan ɗigon baƙin.

"Wanga baƙin tabon ni nay yi shi. Garwashin jabanata yaf faɗa ma fatar, kwana ukku ubanka bai yi min magana ba."

Gurmin nan shi muka bari a ƙauyenmu kusa da Sinnar ranar da muka gudu daga yaƙi. Da muka koma, babu shi.

"Yaro, ina ka gan shi?" in ji Yaba.

"Ban taɓa ganinai ba. Raihana ta ba ni labari."

"To don mi kay yi shi guntu-guntu?"

Alamin ya sunkuyar da kai.

"Haka tab ba ni labarin, Baba... guntu-guntu, tana kuka."

Sabah ta sulale, ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba.

Yaba ya share ido da hannun riga.

"Ka turo magabatanka ran Juma'a."

A bakin ƙofa na ce, "Na gode, masoyina... na gode!"

Zanen kuwa ban samu ba har yau. Haboba ta rataye shi a saman gadonta, ta ce mijinta ne ya dawo gida.