Ƙusoshi Tara

Ku rage fitilar nan, ku matso. Kun san gidan Baturen nan na kan tudu, mai bututun hayaƙi huɗu da dogayen tagogi masu tsini? Irin manyan gidajen karkarar ƙasarsu ya kwaikwayo, tun zamanin kakan kakanmu. Yanzu hukuma ke tsaron gidan, ko ƙusa ba a zarewa sai da izini.

Jatau kafinta aka ɗauka ya gyara rufin. Ba shi da gona, ba shi da shago, hannuwansa biyun nan ke ciyar da baki bakwai. Ya iya aiki, wannan ba mai musu. Taurin kai ne dai ya yi masa yawa.

Matar ofishin kayan tarihi ta zaga da shi. A bayan kicin ta tsaya gaban wata 'yar ƙofa da aka buge da ƙusoshi.

"Matakalar barori ce," ta ce. "A cikin bango aka gina ta, don kada maigida ya riƙa ganinsu. Yadda muka same ta, haka za a bar ta."

"To, Hajiya."

Kwana uku yana jan katako ta tsani a waje, rana na gasa shi. Ran na huɗu da tsakar rana, ma'aikata sun tafi cin abinci, ya ce shi ba jaki ba ne, ga hanya har sama. Ya zare ƙusoshin. Tara ne, baƙaƙe, ƙirar maƙera. Bai tambayi kansa dalilin da zai sa a kulle ƙofa da baƙin ƙarfe haka ba.

Ciki duhu, ga matsi, kafaɗunsa na gogar bango. Duk inda ya taka sai katako ya yi kuka. Can ya ji ƙamshin shayi.

Wani tsoho ne tsaye a gabansa, cikin farar riga mai maɓallan tagulla, ɗauke da tire da buta tana tururi. Ya sauko taki biyu. Katakon bai ce uffan ba, kuma kunnen kafinta ba ya kuskuren wannan. Jatau ya duba ƙasa. Ba yatsu, ba diddige. Hawa da sauka sun cinye ƙafafun har idon sawu.

"Sannu, Baba," ya ce.

"Kai ka buɗe?" Leɓen tsohon bai motsa ba. Daga cikin bango muryar ta fito.

"Ni ne."

"Allah ya yi maka albarka. Riƙe min, ɗana, in ɗan huta."

Wa ke cikinku zai ƙi karɓar kaya daga hannun tsoho? Tarbiyyarsa ce ta cuce shi, abin da ke ƙona min rai ke nan. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

Tsohon ya raɓa shi ya wuce. "Maigida ba ya son shayi ya huce," ya ce. "Kuma kada ya gan ka."

A sama ƙararrawa ta kaɗa. Ƙafafun Jatau suka kama hawa da kansu. Taki ashirin, hamsin, ɗari, a gida mai hawa biyu kacal. Ya nemi ajiye tiren, yatsunsa suka ƙi. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya runtse ido ya saki jikinsa ta baya.

Bayan la'asar aka tsince shi a bakin ƙofar, da ransa, ba tire. Amma hannuwan na miƙe a gabansa, tafuka sama, sun sandare kamar icce. Asibiti sun gwada, malamai sun gwada. Tun washegarin faɗuwarsa aka ɗauki wani kafintan, ko dubiya ba wanda ya zo.

Don haka kada in ji ɗayanku ya hau tudun nan shi kaɗai, ko da rana tsaka ne. Jiya na bi ta gidan Jatau. Yana zaune a zaure, hannuwa a miƙe, 'yarsa ta ƙarama tana ba shi tuwo a baki. Wani mai keke ya kaɗa ƙararrawa a waje. Zumbur ya miƙe, tuwon na zuba.

"Ina tafe, ranka ya daɗe," ya ce.